Kamilo Golji, likitan da ya gano tashar kaya a cikin jikin mutum

'Yan'uwa 'yan kasuwa, a shafin tarihi na wannan fitowa ta cikar shekara mun tsallake fatake da madugai, mun ɗauko wani likita ɗan ƙasar Italiya wanda bai san Bangi ba, bai kuma taɓa loda wa mota kaya ba. Mutanensu suna rubuta sunansa Camillo Golgi, mu kuwa za mu rubuta Golji, yadda ake furta shi. Duk ɗalibin likita, daga Jami'ar Bangi har Kano, ya san wannan suna, domin akwai wani ɗan wuri a cikin jikin kowannenmu da ake kira da shi. Aikin wurin shi ne karɓar kaya, tantance su, sa musu alama, ɗaure su, a aika kowanne inda za shi. Wato sana'armu. Ban da wannan, mutumin yana da hannu a abin da aka sani game da zazzaɓin da ke kwantar da yaranmu a Kilomita Biyar kowace damina.

An haife shi ranar 7 ga Yuli, 1843, a ƙauyen Corteno, cikin duwatsun arewacin Italiya, a lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkin Ostiriya. Mahaifinsa likitan gunduma ne. Ya shiga Jami'ar Pavia, birnin da ke kudu da Milan, ya gama karatun likita a 1865, ya yi aiki a asibitin San Matteo na garin. Wanda ya juya masa rayuwa wani malami ne mai suna Giulio Bizzozero, wanda ma Golji ya girme shi da shekara uku. Shi ya koya masa yanka nama sirara-sirara, a rina shi, a duba a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara wa abu girma. Daga baya, a 1877, Golji ya auri wata 'yar dangin malamin nan mai suna Lina Aletti.

Bincike ba ya cika tukunya. Kuɗin da Golji yake samu a jami'a bai taka kara ya karya ba, mahaifinsa kuma ya matsa masa ya nemi aiki mai albashi. A 1872 ya karɓi muƙamin babban likita a wani gidan jinyar masu ciwon da ba ya warkewa a garin Abbiategrasso, kusa da Milan. Babu ɗakin bincike a wurin, babu abokan ilimi. Duk wanda ya taɓa rufe shagonsa a tsakiyar kasuwa ya koma bayan gari saboda dole ya san irin wannan komawar. Abin da Golji ya yi shi ne ya mayar da kicin ɗin gidan da aka ba shi wurin aiki, ya jera kwalabe da madubinsa, ya ci gaba da abin da ya dame shi, wato ƙwaƙwalwa.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. A zamanin an riga an san haka game da fata da hanta da jini. Ƙwaƙwalwa ce ta gagara, domin ƙwayoyinta suna da rassa dogaye da suka sarƙe da juna. In an rina su duka, sai a ga duhu kawai, kamar mai leƙa dajin Lobaye daga sama yana neman ya ƙirga itatuwa. A 1873, a cikin kicin ɗin nan, Golji ya jiƙa guntun ƙwaƙwalwa a wani sinadari mai taurara nama, sannan ya tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa. Sai ga ƙwayoyi kaɗan, 'yan tsiraru cikin ɗari, sun yi baƙi ƙirin tun daga jikinsu har ƙarshen rassansu, sauran kuwa ba su kama ba, sun bar fili rawaya. Amfanin rinin yana cikin rowarsa. Da ya kama kowa da bai nuna komai ba. A karon farko ɗan Adam ya ga ƙwayar jijiya ɗaya cikakkiya. Ana kiran dabarar baƙin rini, kuma har yau ana amfani da ita.

Wannan ya mayar da shi Pavia. Ya zama farfesa, a 1881 kuma ya hau kujerar ilimin cututtuka, wadda malaminsa ya taɓa riƙewa. Ya gano wasu ƙananan ma'aunai a jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, masu shaida wa jiki nauyin da ake ɗauka, waɗanda ke aiki a kafaɗar kowane ɗan dako a kasuwar Mamadu Mbaiki. Ya yi aiki a kan ƙoda ma. Amma mu tsaya a kan zazzaɓi, domin shi ya fi shafar gidajenmu.

Italiya ta wancan lokaci ƙasar maleriya ce. Kewayen Pavia gonakin shinkafa ne cike da ruwa da sauro. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a birnin Kusantina ta Aljeriya, amma likitoci da yawa ba su yarda ba, wasu suna cewa mugun tururin fadama ne ke kawo ciwon. Daga 1885 Golji ya riƙa ɗibar jinin majinyata lokaci bayan lokaci, yana rubuta zafin jikinsu, yana kwatanta abin da ya gani a madubi da abin da ke faruwa a kan gado. Ya gano cewa ƙwayar cutar tana shiga jar ƙwayar jini, ta girma, ta rarrabu gida-gida, sannan ta fasa ta fito, 'ya'yanta su faɗa wa sababbi. Kuma duka suna fashewa kusan lokaci ɗaya. Wannan fashewar ce rawar sanyi da zafin jiki. In zazzaɓi ya sauka, cutar tana nan, ta shige cikin sababbin ƙwayoyin jini tana hayayyafa a ɓoye. Ya kuma rarrabe iri biyu: mai zagayowa bayan awa 72, da mai zagayowa bayan awa 48, kowanne da siffarsa. Daga nan ya nuna cewa kinin ya fi aiki in an sha shi 'yan awoyi kafin zazzaɓin ya taso, ya tarar da 'ya'yan cutar suna fitowa.

Irin da ya fi yawa a ƙasar nan, falsifarom, wanda ya fi kisa, likitocin Roma ne suka fi bayyana shi, kuma batun sauro sai a 1897 da 1898 Ronald Ross da Giovanni Battista Grassi suka tabbatar da shi. Amma abin da Golji ya gani shekara fiye da ɗari da talatin da suka wuce shi ne amsar wata ɗabi'a da muka sani a tsakaninmu. Mutum ya sayi maganin palu na kwana uku, ya sha kwana ɗaya, jiki ya yi sauƙi, mota na jira a Beloko, sai ya ajiye sauran don wani karon. Wasu cikinmu ma masu sayar da magani suna yanka fakiti su sayar da rabi ga wanda kuɗinsa bai kai ba, suna ganin taimako ne. An tsara kwanaki ukun ne don maganin ya riski cutar a zagayenta fiye da ɗaya. Wanda ya tsaya a tsakiya ya kashe masu rauni ya bar sauran.

Yanzu ga tashar kayan. A watan Afrilu na 1898 Golji ya gabatar wa ƙungiyar likitocin Pavia wani abu da ya gani bayan ya ɗan sauya rininsa. A cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mujiya, can ciki kusa da cibiyar ƙwayar, akwai wani abu kamar raga ko zaren da aka cukurkuɗe. Ya zana shi, ya sa masa suna mai ma'anar ragar ciki, bai yi iƙirarin ya san aikinsa ba. Ɗalibansa, cikinsu har da Adelchi Negri wanda ya yi suna a binciken ciwon haukan kare, suka same shi a wasu sassan jiki ban da ƙwaƙwalwa. Duk da haka masana da yawa suka ce babu wani abu a wurin, dattin azurfa ne ya taru, rinin ne ya ƙirƙiri abin da ake gani. Aka yi shekara fiye da hamsin ana wannan gardama. Golji ya mutu ba a raba ta ba.

Abin da bai rayu ya ji ba shi ne wannan. Yawancin abin da jiki ke fitarwa domin aiki, kamar sinadaran narkar da abinci, da majinar da ke kare huhu, da furotin ɗin nonon uwa, da insulin mai daidaita sukari a jini, ana ƙera su ne a cikin ƙwayoyin halitta, kuma dole su tsallake bangon ƙwayar kafin su yi amfani. Bangon nan iyaka ce mai tsaro, babban kaya ba ya ratsa ta haka kawai. To, ana ƙera furotin a wani sashe mai kama da masaƙa, a ɗaure shi cikin 'yan ƙulle-ƙulle masu fatar maiƙo, kamar ƙullin sukari ko na gishiri a teburin mai kanti, a kai shi wurin da Golji ya gani. Wurin jerin buhuna ne shimfiɗaɗɗu da aka ɗora kan juna, yana da ƙofar shiga a gefe ɗaya da ta fita a ɗaya gefen. Kaya na bi daga buhu zuwa buhu ana gyara su, a datse nan, a liƙa wani nau'in sukari can. Wasu daga cikin abin da ake liƙawa alamar mai kaya ce, irin wadda muke rubutawa da fenti a jikin buhu tun daga Duwala. A ƙofar fita ake rabo: wannan na cikin gida ne, wancan na bango ne, wannan kuma na waje.

Muhimmancin alamar ya fito a wata cuta ta gado da ba a cika samu ba, wadda ake haifar yaro da ita. Kayan nan lafiyarsu ƙalau, hanyar ma lafiya, mai buga alama ɗaya ne kawai ba ya aiki. Sinadaran da ya kamata su tafi sashen narkar da shara na cikin ƙwayar sai a fitar da su waje cikin jini, shara ta taru a ciki, yaron ya nakasa. Kowa a cikinmu ya taɓa jin labarin buhun da aka sauke a Buwar alhali mai shi na jira a Bangi.

Kayan waje kashi biyu ne. Akwai masu fita kullum ba tare da jiran umarni ba. Akwai kuma waɗanda ake tarawa a sito, a ɗaure, sai an yi kira. Insulin na cikin kashi na biyu. A cikin fankiriyas, wata tsoka doguwa da ke kwance a bayan tumbi, akwai ƙwayoyin da kowacce ke riƙe da dubban ƙulle-ƙullen insulin, an matse shi tare da sinadarin tutiya. Ƙanƙantarsu ta kai sai an jera kusan dubu uku kafin su cika milimita ɗaya. In mutum ya ci tuwo ko gozo sukari ya hau a jini, sai ƙofofin kalsiyam su buɗe a bangon ƙwayar, kalsiyam ya shigo, shi ne umarnin. Ƙullin ya matso, fatarsa ta haɗe da bango ta zama ɗaya da shi, bakinsa ya buɗe ta waje, kaya su zuba cikin jini. Motar ba ta tsallake iyaka ba, kayan kuwa sun tsallake.

Wanda ya bi sawun wannan hanya mataki-mataki shi ne George Palade, ɗan ƙasar Romaniya da ya yi aiki a Cibiyar Rockefeller a birnin New York na Amurka. Shi da abokan aikinsa, a shekarun 1960, sun sa wa kayan ƙera furotin wata alama mai haske da na'ura ke iya gani, a fankiriyas ɗin ɓeran Masar, suka riƙa dubawa bayan mintoci. Da farko alamar na masaƙa, can sai ta bayyana a tashar Golji, daga baya a cikin ƙulle-ƙullen da ke jira, a ƙarshe a waje. Ya sami kyautar Nobel a 1974. A 2013 aka ba wasu uku, James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof, saboda gano yadda ƙulli ke gane ƙofar da ta dace da shi, da yadda yake jiran kalsiyam.

Inda akwai hanya akwai 'yan fasa-ƙwauri. Gubar kwalara, cutar da ta ɓarke a ƙauyukan bakin kogin Ubangi a 2016, tana ɗauke da wata alama irin ta kayan gida. Ƙwayar hanji ta haɗiye ta, ta bi hanyar nan da baya, ta ratsa tashar Golji ta isa masaƙa, daga nan ta shiga tsakar ƙwayar ta buɗe famfon gishiri da ruwa. Shi ne gudawar da ke ƙarar da mutum cikin yini. Ita kuma falsifarom, da yake jar ƙwayar jini ba ta da tasha irin wannan, sai ta gina tata a ciki, ta riƙa aika furotin ɗinta zuwa bango. Su ke sa ƙwayar jinin ta yi danƙo ta manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, abin da ke jawo suma da farfaɗiya ga yara.

Batun insulin ya shafe mu ta fuska biyu. Akwai masu ciwon suga a cikinmu, dattawa da ma matasa, kuma wanda ake sa wa a allura ana shigo da shi ne daga waje, wani ta jirgin sama, wani ta hanyar da muke bi. Furotin ne, zafi mai tsanani yana lalata shi, daskarewa ma haka, kuma sau da yawa kwalbar ba ta nuna komai. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8. Mun tuna yadda ɗaruruwan motoci suka tsaya a Garwa-Bulai daga Disamba 2020 har cikin Fabrairu 2021 lokacin da aka toshe hanya. Katan ɗin da ya yi mako ɗaya kawai a ƙarƙashin tamfol cikin rana irin ta wannan wuri, mai sayensa zai yi allura sukarinsa ya ƙi sauka, ya ɗauka jikinsa ne. A ganinmu wanda ba shi da akwatin sanyi kada ya karɓi wannan kaya komai ribarsa. Ga masu amfani da shi a gida kuwa akwai labari mai daɗi: wani bincike da Likitoci Marasa Iyaka suka yi da Jami'ar Janeba, aka wallafa a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya ba dalilin zubar da ita ba ne. A nisanta ta dai da rana da murhu.

Mu koma ga mutumin. Girma ya zo masa: ya shugabanci Jami'ar Pavia sau biyu, sarki ya naɗa shi sanata a 1900, a 1906 kuma aka ba shi kyautar Nobel ta likitanci. Sai dai an raba kyautar tsakaninsa da wani ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, kuma nan ne halinsa ya fito. Cajal ya fara ganin baƙin rinin a Madrid a 1887, ya inganta shi, ya yi amfani da shi ya nuna cewa ƙwayoyin jijiya a rarrabe suke, kowacce da iyakarta, suna miƙa wa juna saƙo. Golji kuwa ya tsaya kai da fata cewa rassansu a haɗe suke, raga ɗaya ce babu yankewa. A birnin Stockholm, a jawabin karɓar kyauta, inda ake sa ran godiya da fatan alheri, Golji ya tashi ya soki ra'ayin abokin rabonsa yana zaune a wurin, a lokacin da yawancin masana sun riga sun koma bayan Cajal. Ba ya jin daɗi wani ya ɗauki awonsa ya auna kaya ya fi shi daidai. Mun san irin wannan dattijo a kasuwa, wanda ya buɗe hanya, yaron da ya bi bayansa ya fi shi saninta, shi kuma ya ƙi yarda har ya tsufa. A wannan magana Golji bai yi daidai ba, kuma bai janye ba.

A yaƙin duniya na farko, yana da shekara fiye da saba'in, ya shugabanci asibitin soja da aka buɗe a makarantar Borromeo ta Pavia, inda ya ba da ƙarfi ga jinyar waɗanda harsashi ya lalata wa jijiyoyi. Ya yi ritaya a 1918. Yaƙinsa na ƙarshe da Milan ne: ya yi ta ƙoƙarin hana a buɗe sabuwar jami'a a can, don tsoron kada babban birni ya janye ɗalibai da malamai ya bar Pavia fayau. An buɗe ta a 1924. Ya rasu a Pavia ranar 21 ga Janairu, 1926, yana da shekara 82. Shi da Lina ba su haihu ba, sun riƙi 'yar ɗan'uwansa, Carolina.

Hukuncin gardamominsa biyu ya fito kusan lokaci ɗaya, daga na'ura ɗaya. Madubin lantarki, wanda ya ninka na zamaninsa ƙarfi nesa ba kusa ba, ya nuna a 1954, ta hannun Albert Dalton da Marie Felix a Amurka, cewa ragar cikin nan gaskiya ce, ga buhunanta a jere. A cikin shekarun nan dai madubin ya nuna ɗan siririn rata tsakanin ƙwayar jijiya da maƙwabciyarta, kamar yadda Cajal ya faɗa. A bakin ratar kuma aka ga tarin 'yan ƙulle-ƙulle cike da sinadari suna jiran kalsiyam, su ne ke kai saƙo ƙetare, kuma Palade na cikin waɗanda suka fara ganinsu. A 1956 aka sauya wa ƙauyen da aka haife shi suna zuwa Corteno Golgi.